Tsoho da Akuya a Cikin Birni: Abin da Gonar Unguwa Za Ta Iya Yi wa Dattawan Sakkwato

Da wuya ka shiga gida a tsofaffin unguwannin Sakkwato ka rasa turke. Akuya biyu ko uku a bayan ɗakin uwargida, ragon layya a ƙofar zaure, kaji na tono a gindin randa. Akasarin dabbobin nan na tsofaffi ne, musamman mata, kuma da su ake biki da suna, da su ake sayen magani idan ciwo ya zo ba shiri. Gidan ne yanzu ya canza. A sababbin gine-ginen Arkilla, Mabera da Bado an shafe tsakar gida da siminti ko intalok, mai gidan haya kuma ya gindaya sharaɗin ba kiwo. Ɗa zai ɗauko mahaifinsa daga ƙauye, ko don tsufa ko don rashin tsaron da ya addabi su Sabon Birni da Isa da Rabah, ya ba shi ɗaki da fanka da talabijin, ya ce Baba ku huta. Mutumin da ya shekara 60 yana sammako saboda dabba da shuka ya wayi gari ba abin da ke jiransa.

Gonar cikin gari fili ne ɗan madaidaici a tsakiyar unguwa, ana ɗan kiwo ana ɗan lambu, ƙofarsa a buɗe ga jama'a, kuma yawancin aikinsa masu sa-kai ke yi. A Landan an buɗe irinta a Kentish Town tun 1972. A ƙasar Holan gonaki sama da 1,000 ne ke karɓar masu buƙatar kulawa, ciki har da tsofaffin da gigin tsufa ya kama, su wuni ana aiki da su, da yamma a mayar da su gida. A garin Gateshead na Ingila akwai shirin HenPower, wanda ya kai kiwon kaji gidajen kula da tsofaffi.

An cika zuzuta amfanin dabba ga lafiyar tsoho, don haka gara a san iyakar abin da aka tabbatar. Binciken da aka fi ambato shi ne na Erika Friedmann da abokan aikinta a Amurka a 1980. Sun bi sawun mutum 92 da aka sallama daga sashen masu ciwon zuciya. Bayan shekara guda, cikin 53 masu dabba a gida mutum 3 ne suka rasu, cikin 39 marasa dabba kuwa 11. Alƙaluman na ɗaukar ido, amma ba su nuna cewa dabbar ce ta yi aikin ba, tunda mai sauran ƙarfi ne ke iya riƙe dabba tun asali. A 2013 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta yarda akwai alaƙa, musamman ga masu fita tafiya da kare, amma ta ce kada a ɗauki dabba don neman lafiyar zuciya kaɗai. A 2019 kuma ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaji 9 da aka yi da masu gigin tsufa 305, kusan duk da karnuka. Abin da ta gano shi ne ciwon damuwa na iya ɗan raguwa, amma ba a ga wani bambanci a fili a sauran fannonin rayuwarsu ba. Saboda haka duk wanda ya ce akuya za ta sauke hawan jini har a ajiye ƙwaya, a guje shi.

Abin da ya fi ƙarfi a wurinmu ya fito ne daga wani gefen. Masu bincike a Holan sun lura tsofaffin da ke wuni a gona sun fi takwarorinsu motsa jiki, sun fi shan iska da hira, sun fi cin abinci da shan ruwa. Tun 1976 ma Ellen Langer da Judith Rodin suka yi wani gwaji a gidan tsofaffi a Amurka: rukuni ɗaya aka ba su shuka a tukunya aka ce kulawarta na wuyansu, aka kuma bar musu zaɓi a wasu al'amuransu, ɗaya rukunin aka ba su shuka aka ce ma'aikata za su kula musu. Cikin mako uku na farkon sun fi kuzari da walwala. Nan gizo ke saƙa. Ba shafa gashin dabba ne ke tayar da tsoho ba, sanin cewa wani abu mai rai na jiran hannunsa ne.

Wannan ya sa tsarin Turawa ba zai zauna daidai a Sakkwato ba idan aka kwafo shi yadda yake. A can ana kawo wa tsohon da bai taɓa kiwo ba dabba ya taɓa. A nan dattijon da aka kawo ya fi ɗalibin da ke rakiyarsa sanin akuya nesa ba kusa ba. Idan aka zaunar da shi aka ce Baba ku shafa ta, raini zai gani, ba zai dawo ba. Idan aka ce Baba ku duba muna ita, ba mu gane ba ko ciki gare ta, to an samu mutum. Ko a addini kiwo ba ƙasƙanci ba ne, hadisi ya tabbata cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba.

Zaɓen dabba shi ne wurin da ake yawan faɗuwa. Kare, wanda shi ne ginshiƙin wannan aiki a Turai, a ajiye shi gefe. Mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, amma ba Hajiyar da za ta yarda ya lashi hannunta, ga kuma ciwon haukan kare da bai ƙare a ƙasar nan ba. Dabbar da ta fi dacewa tana nan a ƙofar gida: jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Nauyinta kilo 25 zuwa 30, abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa. A zaɓi mace wadda ta haura shekara biyu ko taure, kuma wadda ta tashi a cikin gida a hannun mutane, ba wadda aka sauke jiya a kasuwar Kara ba. Kafin a haɗa ta da kowane tsoho a gwada ta: a taɓa bayanta da kunnenta da ƙafafunta, a yar da sanda kusa da ita, a gungura kujera ta gabanta. Wadda ta zabura ta ja igiya ta faɗi jarrabawa.

Aibin akuya guda biyu ne. Na farko tsalle: idan ta saba ana miƙa mata abinci daga tsaye, za ta riƙa ɗora ƙafafun gaba a ƙirjin mutum, kuma wannan kaɗai ya isa ya kayar da mai shekara 75. Maganinsa kada a taɓa ba ta abinci sai a tasa, a ƙasa ko ta tsakanin shinge. Na biyu ƙaho, domin idon wanda ke zaune daidai yake da kanta, ƙuda kawai za ta kora ta yi ɓarna. Ana sa guntun tiyon roba a tsinin kowane ƙaho, a ɗaure da salatif.

Rago ne ya fi kowa haɗari, shi ne kuma dattawa maza suka fi so. Uda ko Balamin da aka yi wa kiwon turke kan haura kilo 60, kuma wanda aka saba sosa wa goshi tun yana ƙarami ba ya tsoron mutum, wasan karo yake ɗaukar abin. Dukansa a gwiwa ko ƙugu yake sauka, karayar ƙugu kuwa ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. Rago ya zauna bayan shinge mai tsayin mita 1.2, a yaba shi daga nan, a yi gardamar kuɗinsa daga nan. Bunsuru ma haka, ga wari. Tunkiya tana da sanyin hali amma ba ta zama ita kaɗai, a fito da su biyu-biyu. Kajin Hausa goma zuwa sha biyu suna ba da aiki mai daɗi, watsa tsaba da kwasar ƙwai, sai dai a cire zakara mai faɗa. Zomo yana burge mutane a hoto, amma da zafi ya haura digiri 30 yake fara galabaita, bazarar Sakkwato kuwa ta wuce 40, ga farcen ƙafar baya mai yage fatar tsoho. Tattabaru a bar su can gefe, kuma kada mai asma ya share ɗakinsu, ƙurar kashinsu na taɓa huhu. Gudali saniya ce mai haƙuri, amma taku ɗaya a kan yatsa ya isa.

Igiya ma dabba ce a wannan lissafin. A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙiyasta raunin faɗuwa kimanin 86,000 a shekara ta dalilin karnuka da kyanwoyi, kuma waɗanda suka haura 75 abin ya fi yi wa illa. Akuya a turke zagaye take yi, igiyarta na shara daidai idon sawu. Kada a kafa turke a duk inda tsoho zai taka. Dabbar da aka fito da ita tana hannun mutum ɗaya da gajeriyar igiya da ba ta wuce mita ɗaya ba.

Sabuwar dabba takan yi kwana 30 a keɓe kafin ta shiga garke. A cikin kwanakin likitan dabbobi zai ba ta maganin tsutsar ciki, ya cire kaska, ya yanke kofato, ya yi mata rigakafin PPR, annobar awaki da tumaki, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa, ya ɗebi jini don gwajin bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari kuma take kama mutum. Kaji a ɗiga musu rigakafin cutar Newcastle. Sakkwato ta yi sa'a, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a cikin gari.

Akuya mai kilo 25 tana cin busasshen abinci kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a rana, wato giram 750 zuwa kilo ɗaya: harawa da kowar wake, da dusa da ba ta wuce giram 300 ba, da ɗan kanwa ko gishirin lasa. Ruwa lita 4 zuwa 5 a bazara. Matsalar ita ce kowane baƙo yana son ya ba da da hannunsa. Tsofaffi takwas, kowa da ɗan gero a aljihu, kafin azahar akuya ta ci hatsin da ya fi ƙarfin tumbinta, cikin ya yi tsami ya kumbura, ta kwanta, wani lokacin ba ta tashi. Don haka abincin ranar ake aunawa tun da safe, a raba shi ƙananan tasoshi, shi za a miƙa wa baƙi, idan ya ƙare ya ƙare. Leda kuma a hana ta shiga kwata-kwata, mahauta sun san irin dunƙulen da suke cirowa daga tumbin awakin cikin gari.

Hankali kan tafi fadamar Kwalkwalawa idan aka ce lambu, saboda ruwa da albasa da ganye. Ga tsofaffi ba wurin zuwa ba ne: kunyoyi, rijiyoyi a buɗe, sauro, feshin magani, ga ambaliya irin ta 2010 da ta yanke hanyar jami'a. Fuloti ɗaya mai mita 15 da 30 a cikin unguwa, bayan makaranta ko gefen masallaci, ya wadatar da awaki huɗu, tumaki biyu, akurki da kwamin lambu. A raba shi uku: garke, wurin wanke hannu, wurin zama da cin abinci, a jera su yadda ba mai fitowa daga garke ya isa rumfa ba tare da ya bi ta gaban ruwa ba. Kowace dabba na buƙatar murabba'in mita 1.5 zuwa 2 na inuwa. Hanya ta zama daɓen jar ƙasa, domin keken guragu na nutsewa a rairayi, sulɓaɓɓen siminti kuma santsi yake da ya jiƙe. Faɗinta mita 1.2, wurin juyawa 1.5, kuma duk tudun santimita 10 a ba shi gangare mai tsawon mita 1.2. Kujera mai hannu, tsayin santimita 45 zuwa 48, duk bayan mita 10 zuwa 15. Farar kujerar roba rana na cinye ta har ta karye ba gargaɗi. Rumfar zana ko inuwar dogonyaro ta fi kwano sanyi sosai. Banɗaki ya zama kusa, da ƙarfen dafawa, domin tsofaffi da yawa kan ƙi shan ruwa ne don gudun neman wurin fitsari a baƙon wuri.

Kwamin lambu a ɗaga shi da bulo santimita 60 zuwa 75 ga mai aiki a zaune, faɗinsa kada ya wuce mita 1.2 don hannu ya kai tsakiya ta kowane gefe. Mai tsawon mita 3 yana shan kusan jarka ɗaya ta lita 25 a rana da rani. Kada a ba tsoho bokitin lita 10, kilo 10 ke nan a kafaɗa, a ba shi buta mai lita 2 ko 3 ya yi sawu. Alayyafo ya fi komai, mako uku zuwa huɗu an fara yanka, kuma tsoho yana son ya ga abin da ya shuka da idonsa. Sure da rama da zogale suna jure zafi, latas da karas sai hunturu. Ɗanyen kashin dabba ba ya shiga kwamin ganyen da za a ci ɗanye, sai wanda ya ruɓe sosai, ko a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbi.

Agogon gonar yanayi ne ke saita shi. Daga Maris zuwa Mayu a fara da ƙarfe 7:30 a tashi kafin 9:30. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, guminsa ya ragu, kuma mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ruwan jikinsa na saurin ƙarewa. Ba a jira ya nema, duk minti 20 a miƙa kofi. Wanda ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, ko jikinsa ya yi zafi, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa shi a yi masa fifita, a nufi asibiti. A Disamba da Janairu sai a juya, ƙarfe 10 zuwa 12, ranar da hazo ya yi kauri kuma a ɗage wa masu ciwon ƙirji. Da azumi a rage zuwa ɗan zama bayan la'asar ko a dakata. Ranar mata daban da ta maza, da mata masu rakiya, in ba haka ba iyalai ba za su bari ba.

Batun tsabta yana da wata sarƙaƙiya ta musamman a garin malamai. A fiƙihun Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, don haka dattijo zai taɓa akuya, ya yi alwala, ya ɗauki goro, a ganinsa ya gama. Hukuncin daidai ne a babinsa, amma ƙwayar cuta ba ta san shi ba. A 2009 mutum 93, yawancinsu yara, suka kamu da ƙwayar cutar gudawa mai suna E. coli O157 a gonar Godstone da ke Ingila, daga dabbobin da lafiyarsu ƙalau a ido. Hanjin tsoho da ƙodarsa ba sa jure abin da na saurayi zai jure. Ƙa'idar ita ce sabulu da ruwa mai zuba na daƙiƙa 20, daga bokiti mai famfo, ba kwano ɗaya da kowa zai tsoma hannu ba. Man goge hannu na kwalba ba ya aiki sosai a hannu mai datti, kuma akwai ƙwayoyin gudawa da ba ya kashewa. Ba ci, ba goro, ba asuwaki a cikin garke, carbi ma ya zauna a aljihu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye sabulun a wurin alwala, limamin unguwa ya faɗa sau ɗaya.

Akuyar da ta kusa haihuwa ko ta haihu cikin makon a nisanta ta da baƙi, duk da cewa ɗan akuya sabon haihuwa shi kowa ke so ya ɗauka. Mahaifa da ruwan haihuwa ne ke ɗauke da bakkale da zazzaɓin Q, na biyun ta iska yake shiga kuma yana illa ga mai matsalar ƙofofin zuciya. Dabba mai ƙuraje a leɓe, ko makero, ko gudawa, ba ta fita. Madara sai an tafasa. Idan aka ji labarin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a Kaduna a 2006, a rufe akurki ga baƙi. Dabbar da ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura ba a feɗe ta, a kira likita, domin an tabbatar da cutar antaraks a Suleja a 2023.

Su ma tsofaffin ana tantance su, da yardarsu da ta iyalinsu, a rubuta ciwo da magani da lambar wanda za a kira. Mai ciwon suga ya sa rufaffen takalmi, tunda ƙaya na iya shiga ƙafarsa bai ji ba. Mai shan maganin tsinka jini ɗan ƙarzane kan zame masa zubar jini. Mai buɗaɗɗen rauni ko mai karɓar maganin ciwon daji ya tsaya a kallo. A tambayi rigakafin tetanus, cutar sanƙarewar jiki da ke shiga ta rauni. Akwai kuma tambayar da ba ta cikin takardar asibiti: me ya raba shi da dabbobinsa? Wanda ɓarayin daji suka kore wa garke yana iya ganin saniya ya yi shiru, ko hawaye su zubo. Wani hakan sauƙi ne gare shi, wani kuma fama ne. Ba a matsa masa, a bar shi da lambu har ya nemi garken da kansa.

Zama ɗaya minti 45 zuwa awa guda ne, tsofaffi shida zuwa takwas, mai rakiya ɗaya ga mutum biyu, mai gigin tsufa kuma nasa shi kaɗai. Gaisuwa tukuna, a tambayi gida da jiki ba gaggawa, a sha ruwa. Sannan a kawo akuya ta gefe, ba ta gaba ba, mai riƙe da ita a durƙushe. Ka lura da hannun tsohon makiyayi a nan: ba kai yake fara taɓawa ba, gadon baya yake bi da yatsu ya ji ƙashi, ya matsa gindin wutsiya, ya ɗaga leɓe ya ƙirga haƙora, ya ja fatar ido ya ga ja ce ko fara. Sai ka ji ya ce, "Wagga akuya tsutsa gare ta, ku ba ta magani." Sau da yawa gaskiyarsa ce, kuma amsar ita ce, "To Baba, za a kira likita ya duba, mako mai zuwa ku gani." Lallai kuwa a kira, a kuma kawo masa labari. Mai shanyewar ɓarin jiki a sa masa buroshi a hannun da ya raunana, a tallafi gwiwar hannun, ya taje akuya daga wuya zuwa ƙugu sau goma. Motsin da yake ƙi a gida saboda gajiya a nan zai yi shi bai ƙirga ba. Taɓa dabba kada ya wuce minti 15 zuwa 20, sauran lokacin na tsinke ganye ne, ɓarar wake, kwasar ƙwai. Akuyar da ta fara kau da kai, tana haki ko buga ƙafa, ta gaji, a mayar da ita, kuma kada a fito da dabba ɗaya fiye da sau biyu a rana.

Masu sa-kai ba su da wuyar samu: ɗaliban likitancin dabbobi da na jinya, masu yi wa ƙasa hidima a ranar aikin al'umma, 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Riƙe su ne aiki. Makon farko mutum 30, da jarrabawa ta zo ko aka yi hutu sai a nemi uku a rasa, ita kuwa akuya tana cin abinci ranar Salla ma. Don haka dole a ɗauki makiyayi ɗaya mai albashi, masu sa-kai su zama ƙari. A nemi alkawarin awa biyu a mako na wata uku, kuma a haɗa kowa da tsohonsa na dindindin, domin mai mantuwa yakan riƙe fuska ko da suna ya ɓace masa. Horon farko ya ƙunshi yadda ake tayar da mutum daga kujera, ta tallafar ƙugu ba jan hannu ba, da yadda ake tafiya a ɓangarensa mai rauni. Kuskuren da matasa suka fi yi na ladabi ne: su karɓe butar su ce Inna ku bari in yi muku. Da an karɓe aikin an karɓe maganin. Na biyu gyara wa mai mantuwa zance. Idan ya kira akuyar da sunan wata tasa ta shekara 40 baya, a tambaye shi 'ya'ya nawa ta haifa. Na uku waya: ba a ɗaukar hoton dattijo a sa a Facebook ba da izninsa ba.

Akwai abin da littattafan Turawa ba su tanada ba, wato layya. A nan dabba dukiya ce, kuma watan Zulhajji farashi ke tashi. Tsohuwar da ta yi wata takwas tana ciyar da tunkiya ta zo ta tarar an sayar, ba sallama, ta tafi ke nan. Tun farko a raba garken biyu: na zama, waɗanda ba a sayarwa, da na kasuwa, waɗanda kowa ya san ranar tafiyarsu. A sa dattawan cikin shawarar wanda za a fitar da kuɗin da za a sa masa, su ne ma suka fi iya ciniki. Idan dabba ta mutu a faɗa musu gaskiya, mutanen da suka yi kiwo sun san mutuwar dabba.

Ƙwai da ganye da taki ba za su biya albashin makiyayi da harawar watan Mayu ba, lokacin da dami ke tsada. Harawa a saye ta da kaka, a Nuwamba, a ɗora a kan rumfa inda ruwa da gara ba za su kai ba. Fili da rijiya sun dace da waƙafi, jihar kuma tana da hukumar zakka da waƙafi da za a iya tuntuɓa. A kasafin a sa kuɗin Keke Napep, domin tsohon da ya fi buƙatar wurin shi ne wanda ba mai kawo shi. Wanda ba ya iya fita sam ana iya kai masa taure ɗaya gida, a tsaya a tsakar gida ba cikin ɗaki ba, a shimfiɗa buhu a cinyarsa, a tafi da sabulu da butar ruwa, kuma tauren ya huta washegari.